Filin Golf Mafi Kyau a Duniya: Da Wane Mudu Ake Aunawa?

Shekaru da dama, in aka ce golf a Kano, hankali kan tafi wuri ɗaya ne, wato tsohon filin nan na Club Road da Turawan mulkin mallaka suka bari, inda manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da hafsoshin soja ke zagayawa da yamma. Yanzu wasan ya fita daga birni. A ƙaramar hukumar Minjibir akwai Porto Golf Resort, wurin shaƙatawa da mutanen Kano ke zuwa da iyalansu, musamman lokacin bukukuwan Sallah. A Dutse kuma akwai filin da marigayi Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammad Sanusi, ya kafa, domin shi kansa ɗan wasan ne. Tunda abin ya iso tsakiyar gonakin gero da dawa, ya kamata mutumin karkara ya san yadda duniya ke zaɓen fili mafi kyau, ya kuma san ko wannan awon zai yi masa daidai.

Wasan kansa ba shi da wuyar ganewa. Cikakken fili yana da ramuka 18. Ɗan wasa yana bugun ƙaramar ƙwallo da sanda daga mafari har ta faɗa rami, sannan ya wuce na gaba, kuma wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. Faɗin ramin bai kai santimita 11 ba, alhali tazarar da ke tsakanin mafari da rami tana iya haura mita 400. Doka ta hana ɗan wasa ɗaukar sanduna fiye da 14, kuma zagaye ɗaya kan ci kusan awa huɗu ana tafe a ƙafa. Filaye iri biyu ne. Akwai na ƙungiya, kamar Augusta National a Amurka, wanda ko kana da kuɗi ba ka shiga sai da gayyatar ɗan ƙungiya. Akwai kuma na wurin hutu, mai otal da wurin cin abinci, wanda duk mai iya biya zai kwana ya buga. A kowane iri ana ta gasar cewa wane ya fi.

Su wa ke yanke hukuncin? Mujallar Golf Digest ta Amurka tana jera filaye tun 1966. Tana da ɗaruruwan masu dubawa da ke zuwa su buga su ba da maki: shin filin yana sa ɗan wasa tunani kafin ya buga, shin ramukan sun bambanta da juna, yaya kyan gani, yaya kula da ciyawa. Akwai kuma World Golf Awards da aka fara a 2014, inda ake kaɗa ƙuri'a. Irin wannan kyauta ta ƙuri'a, a ganina, rabinta talla ce, domin otal mai yawan baƙi da ƙarfin yaɗa kansa shi zai fi tara masu zaɓensa. Duk da haka akwai sunayen da ba sa ɓacewa daga sahun gaba ko wa ya yi jerin. Pebble Beach na Kalifoniya, wanda aka buɗe a 1919, yana cikinsu, kuma kuɗin zagaye ɗaya a can ya haura dala 600. Haka Pinehurst a jihar Karolina ta Arewa, da Bandon Dunes a Oregon da aka buɗe a 1999, sai uwa uba tsohon filin St Andrews na Sikotlan.

Abin da ya haɗa waɗannan filaye ba kasafai masu talla ke faɗinsa ba, kuma shi ne ya fi shafarmu. Kusan dukkansu an yi su ne a ƙasar da manomi ba ya so. St Andrews rairayi ne tsakanin teku da gonaki, ƙasa mai iska da gishiri wadda ba ta yin hatsi, sai dai tumaki da zomaye su yi kiwo. Ciyawar da ke wurin da kanta ta fito, tudu da kwarin ma haka aka same su. Tun 1552 akwai takardar da ta tabbatar wa mutanen garin haƙƙin yin wasa a wurin, kuma a nan ne aka tsayar da ramuka 18 a 1764, sauran duniya ta bi. Har gobe filin ba na wani attajiri ba ne, hukumar amintattu ce ke riƙe da shi. Ranar Lahadi, in ba wata babbar gasa ake yi ba, ana rufe shi ga 'yan wasa, mutanen gari su shigo yawo da 'ya'yansu. Bandon Dunes tudun yashi ne a bakin teku. Pinehurst ma yankin yashi ne. A tsakanin 2010 da 2011 masu filin Pinehurst mai lamba biyu suka cire ciyawar da ake shayarwa mai faɗin kimanin eka 35, suka bar yashi da ciyayin daji na wurin suka dawo, suka rage ban ruwa ƙwarai. Darajar filin ba ta faɗi ba, domin a 2014 an yi manyan gasannin Amurka biyu a kansa, na maza da na mata, mako guda bayan ɗaya.

Akwai wata hanyar dabam, ita ce ta Dubai. A 1988 aka buɗe Emirates Golf Club, fili na farko mai ciyawa gaba ɗaya a yankin Gabas ta Tsakiya, kore shar a tsakiyar hamada. Wannan hoton ne ya fi shiga ran masu kuɗinmu, kuma shi ne ya fi haɗari a gare mu, don Dubai tana da kuɗin tace ruwan teku, mu kuwa rijiya da dam muke da su.

Bari mu yi lissafin a fili. Ruwa milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. A ce fili yana da ciyawa hekta 30 da ake shayarwa, a ce kuma cikin zafin Maris da Afrilu tana buƙatar milimita 6 a rana, wanda ba ƙari a ciki ga duk wanda ya taɓa noman rani. Lita miliyan 1.8 ke nan kullum. In ka raba da jarkar mai ruwa ta lita 25, ka sami jarka 72,000 a rana ɗaya. Damina a arewacin Kano kuwa wata huɗu ce, in ta yi kyau ta taɓa na biyar. Sauran watannin, ko dai a jawo daga dam, inda masu lambun tumatir da albasa da latas ke jira da injinansu, ko kuma a haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi, wanda ƙarshensa guga ya riƙa dawowa da laka a rijiyar ƙauyen da ke maƙwabtaka. Madatsar Wasai da ke Minjibir, wadda kogin Jakara ke zuba a cikinta, ta riga ta ɗauki nauyin masunta da manoman rani, ga kuma dattin birni da na masana'antun Bompai da ruwan ke kwasowa. Madatsun Tomas da Watari su ma kowace da masu dogaro da ita.

Abin ban dariya, ciyawar da ake kashe wannan kuɗi a kanta a ƙasashe masu zafi 'yar'uwar kirikiri ce, wadda manomi ke yini yana tumɓukewa da fartanya yana tsine mata.

Magabata a wannan wasa sun san matsalar ruwa, sun kuma yi mata dabara. A filayen Najeriya da yawa, kewayen ramin ba ciyawa ba ce a da. Yashi ne ake tankaɗewa a cakuɗa da tsohon man inji, a baje a daddaɓe, ya yi launin ƙasa-ƙasa. In ƙwallo ta sauka, sai yaro ya ja wani abin shara ya lallausa hanya tsakaninta da rami kafin a buga. Kada a ɗauka wasan raini ne. A kan irin wannan fili a Ikoyi ta Legas aka riƙa yin gasar Nigerian Open, wadda Sandy Lyle na Sikotlan ya ci a 1978, Vijay Singh na Fiji ya ci a 1988 da 1989, kuma dukkansu daga baya sun ci manyan gasannin duniya. A nan ne Peter Tupling ya gama gasar 1981 da bugu 255, adadin da ya daɗe yana cikin tarihin wasan. Tsohon man inji dai yana ɓata ƙasa, ba wanda zai ce a koma masa yadda yake. Amma tunanin da ke bayansa, wato a yi fili daidai da abin da ƙasa da sama suka bayar, har yanzu shi ne mai hankali.

Sai maganar ƙasa, wadda ta fi ta ruwa zafi. Cikakken fili mai ramuka 18 kan ci hekta 50 zuwa 70, ban da otal da gidajen haya da wurin ajiye motoci. A wani wuri wannan ba komai ba ne. A kewayen Kano kuwa, daga Ungogo zuwa Dawakin Tofa, Bichi, Dambatta, Minjibir da Gezawa, babu ƙasar da ba ta da mai ita. Masani Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya nuna wa duniya yadda mutane masu yawan gaske suke rayuwa a kan 'yar ƙasa kaɗan ba tare da sun kashe ta ba. Ba a barin gona ta huta, duk shekara ana nomawa. Abin da ke riƙe ta shi ne taki: na awaki da tumakin da ake ɗaurewa a gida da damina, da tokar murhu, da sharar birni da a da jakuna ke kawowa cikin mangala. Gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya. Gawo yana tsaye tsakiyar gona, ya kaɗe ganyensa da damina don kada ya yi wa shuka inuwa, ya ba dabbobi 'ya'yansa da rani. Ɗorawa ta ba da kalwa, kuka ta ba da miya, kara ya zama danga da makamashi, harawa ta zama kuɗi a watan da rumbu ya yi ƙasa. Gidaje da yawa gonarsu ba ta kai hekta biyu ba, kuma gado na ƙara tsaga ta. Hekta 60 ke nan abincin gida talatin ne ko fiye, kowane gida da bakunansa.

Ga kuma abin da doka ta ce, wanda ya kamata kowane mai gona ya sani. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. In hukuma ta karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta amfanin gona ce da itatuwa da gine-gine, ba ta ƙasar kanta ba. In kuwa ɗan kasuwa ne ya zo saye, kuɗin kan yi kyau a ido ranar da aka ƙirga su. Bayan shekara biyu an yi aure, an sayi babur, an je Umara, sai a wayi gari mai gona ya koma ƙwadago a gonar wani. Mun ga haka a unguwannin da birni ya haɗiye.

Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. A 1990 a garin Oka na ƙasar Kanada, shirin faɗaɗa filin golf zuwa ƙasar da 'yan ƙabilar Mohawk ke ɗauka ta kakanninsu ya jawo tirka-tirkar kwana 78, har sai da aka fito da soja, kuma a ƙarshe aka fasa aikin. Ƙasar Sin ta hana gina sababbin filayen golf a 2004 don kare gonaki da ruwa, a 2017 kuma ta ba da umarnin rufe guda 111.

Wannan ba yana nufin wurin shaƙatawa sharri ne ba. Kano na buƙatar inda iyali za su je su sha iska, tun da otal ɗin Bagauda ya zama makarantar lauyoyi. Irin wannan wuri yana ɗaukar masu gadi da masu dafa abinci da masu kula da fili, yana sayen kaji da ƙwai da kayan miya, yana iya jawo gyaran hanya da wuta. Da yawa daga ƙwararrun 'yan golf na Najeriya ma daga ɗaukar jakar sanduna suka fara suna yara. Sai dai amfanin ba ya zuwa da kansa, sai an yi sharaɗinsa tun kafin a kafa tubali.

Don haka in ni za a tambaya, filin da ya fi kowane a ƙasarmu shi ne wanda aka shimfiɗa a kan fako ko tsakuwa ko gindin duwatsu, irin ƙasar da ko maiwa ba ta yi, ko a tsofaffin ramukan da masu ɗiban ƙasa suka bari. Ramuka tara sun isa a fara. A shayar da kewayen rami da mafari kaɗai, sauran ya yi kore da damina ya bushe da rani kamar kowane daji. A bar gawo da kuka da tsamiya inda aka same su. Kada a toshe burtali, kada a datse hanyar zuwa rijiya ko maƙabarta. Filin da ya cika waɗannan ya fi kusa da St Andrews fiye da wanda ya kwaikwayi Dubai.

Masu unguwanni da dagatai da hakimai, ku ne ake fara sallama wa idan mai kuɗi ya ga fili ya yi masa. Kafin ku tara jama'a a sa hannu, ku sa a rubuta hekta nawa ake so, daga ina za a ɗebi ruwa da rani, mutum nawa za a ɗauka aiki daga garin, kuma ko masu gona za su iya ba da haya ta shekaru a maimakon sayarwa. Kowane mai gona ya riƙe kwafin takardar a hannunsa.