Kazar da Ƙwai Ya Maƙale Mata



Duk wanda ya ratsa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ya ga kajin da mata suka aiko da su daga ƙauyuka, ƙafafu a ɗaure, zai fahimci cewa kazar gida ita ce baitulmalin macen karkara, wadda ake komawa gare ta idan sabulu ya ƙare ko baƙo ya sauka. Saboda haka idan aka wayi gari kaza ta ƙi fita kiwo, ta buɗe ƙafafu, ta sauke bindi, tana shiga akurki tana fita, tana yunƙuri ba ƙwai, to, al'amarin ya cancanci uwargida ta ajiye tsintsiya ta duba.

Asalin illar, galibi, a cima yake. Ƙwai ɗaya yakan ɗauki kimanin awa 25 kafin ya kammala, mafi yawan lokacin kuwa wajen gina ɓawo yake tafiya, ɓawon da ke cin kusan giram 2 na sinadarin kalsiyam. Mu kuwa, daga Zurmi har Kauran Namoda, dusar gero da ta dawa muke watsa wa kaza, alhali dusa ba ta da wannan sinadari sai ƙalilan. Da damina takan cike giɓin da ƙwari da ɗanyen ganye, amma idan rani ya tsananta, ƙasa ta ƙeƙashe, sai ta shiga cirowa daga ƙashin jikinta, har ɓawo ya yi laushi kamar fata, naƙuda ta yi rauni, ƙwai ya tsaya a hanya.

A shafa ƙasan cikinta a hankali. Idan an ji abu mai tauri kusa da dubura, a zaunar da ita cikin ruwan ɗumi kamar minti 20, a tsane ta, a shafa mata man gyaɗa a mafita, sa'an nan a keɓe ta wuri mai duhu da ruwan sha. Kada a matsa cikin, ina roƙonku, domin ƙwan da ya fashe a ciki yakan ruɓe ya hallaka ta.

Gyaɗar nan tana da wata fa'ida: a riƙa daka ƙuli-ƙuli kaɗan cikin dusa, a haɗa da garin ƙonannen ƙashi ko ɓawon ƙwai da aka gasa aka niƙe, don kada ta gane shi ta koyi shan ƙwanta.

Amma fa a lura: maƙalewar ƙwai kaza ɗaya take kamawa. Idan da hunturu aka ga kaji uku ko huɗu sun yi jugum tare, suna koren zawo, wuya na murɗewa, wannan annoba ce da likitoci ke kira Niyukasil, ruwan ɗumi ba ya maganinta, sai rigakafi irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke sarrafawa.

Wadda kuwa ta kwana biyu ƙwai bai fito ba, ko mafitarta ta zazzago tana jini, a kai ta ga malamin dabbobi. In ya yi nisa, a wasa wuƙa, a yi bisimilla tun tana da sauran ƙarfi.