Kalmar "Shinge" Cikin Koyar da Rabuwar Ƙwayar Halitta

Matafiyin da ya tashi daga Katsina za shi Maraɗi, tilas ya tsaya a shingen Magamar Jibiya, a duba takardunsa da kayansa, sa'an nan a ba shi hanya. Wannan kalma muke ba malamai shawara su ɗauka wajen bayanin rabuwar ƙwaya mai cibiya, watau irin ta mutum da dabba da tsiro, gama "ƙofa" ba ta ɗauke da ma'anar bincike.

Kafin ƙwaya ɗaya ta zama biyu, sai ta wuce manyan shingaye uku. A na farko a duba girmanta da lafiyar kundin gadonta, watau DNA, kafin a kwafe shi. A na biyu a duba ko kwafin ya cika ba ɓarna. A na uku a duba ko kowane zaren gado ya kamu da igiyoyin da za su ja shi. Hartwell da Weinert suka bayyana wannan tsari a 1989.

Babban mai gadin shingen farko furotin ne, sunansa p53. In ya ga ɓarna sai ya tsai da ƙwayar a gyara, in ta ƙi gyaruwa ya sa ta mutu. In kuwa shi ya lalace, ɓatattun ƙwayoyi su wuce su yi ta yaɗuwa. Wajen rabin ciwon dajin 'yan Adam akan same shi a lalace. Dafin aflatoksin, na funfunar gyaɗa da masara, yana lalata shi cikin hanta. Ashe darasin nan ya shafi rumbun kowane manomi.