Haɗa baƙi bai isa ba: a koya wa yara gane irin rubutun da ke hannunsu

Yaro ɗan shekara huɗu a Anka ko Gummi ko Bukkuyum ya riga ya san bambancin magana da magana. In kaka ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", zai amsa ya gyara zama, kuma ba zai tashi da safe ya tafi neman gidan Gizo ba. In mai shela ya zaga unguwa da saƙon hakimi, ya san wannan ta kai wa gida ce da gudu. In liman ya hau mumbari, ya san shiru ake yi. Kunnensa ya koyi duk wannan ba tare da an zaunar da shi ba. Matsalar tana farawa ne ranar da maganar ta koma kan takarda, domin a idon sabon mai karatu duk abin da aka buga iri ɗaya ne, kuma duk gaskiya ne.

A aji ɗaya da aji biyu hankalin malami yana kan baƙi da wasali, haka kuma ya kamata. Shirin RANA da UNICEF ta tallafa wa a Zamfara da Katsina ya yi ƙoƙari wajen koyar da karatun Hausa tun daga tushe, a firamare da makarantun allo da aka haɗa da boko. Sai dai akwai matakin da ake yawan tsallakewa: yaro ya dubi takarda ya tambayi kansa, wa ya rubuta wannan, wa yake yi wa magana, me kuma yake so in yi? Wanda ya iya furta kalmomi tiryan-tiryan amma bai iya waɗannan tambayoyi ba, da sauran aiki a gabansa.

A ƙasarmu abin ya wuce zancen cin jarrabawa. A gidaje da yawa ɗan firamare shi ne mai karatun gida. Shi ake miƙa wa kwalin magani daga kemis, shi ake nuna wa robar maganin feshi kafin a tafi fadamar Gulbin Zamfara. Rubutun jikin robar nan umarni ne da gargaɗi, ba a karanta shi kamar labari, a tsallake layin da bai yi daɗi ba. Ko da Turanci aka rubuta, akwai alamomin da ƙaramin yaro zai iya riƙewa: jan zane a gindin takardar yana nufin guba mafi tsanani, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore; hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa a gicciye kuwa ba ado ba ne. A jikin magani a nuna masa inda lambar NAFDAC take, da inda aka buga ranar ƙarewar wa'adi.

Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa buƙatar a gaya musu nauyin gargaɗi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, sanadin niƙan dutsen zinare a cikin gidaje, kuma sai a 2013 aka share ƙasar ƙauyen Bagega daga gubar. Ƙura ce ta kashe yaran, ba rashin karatu ba. Amma waɗanda suka tsira, maganin fitar da dalma daga jini da likitocin ƙungiyar MSF suka riƙa ba su yana da ƙa'idar sha da adadin kwanaki. Gidan da ke da mutum ko ɗaya da ya san cewa irin wannan takarda bin ta ake yi daki-daki, ya rage wa kansa haɗari.

Sai kuma waya. A watan Agusta na 2014, lokacin Ebola, saƙo ya yaɗu cikin dare cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. Mutane suka bi, wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rai. Saƙon ba shi da sunan hukuma, ba sa hannu, sai "ka tura wa 'yan uwa". Haka saƙonnin 'yan damfara suke zuwa yau: an ce ka ci kyauta, ko za a rufe asusunka, turo lambar sirri. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. Yaron da aka koya wa yadda sanarwar gaskiya take, da kanta da kwanan wata da sunan mai fitar da ita, zai yi turus kafin ya karanta wa mahaifinsa irin wannan a matsayin umarni.

Koyar da abin ba ya cin kuɗi. Malami ya zo aji da kwalin magani, da rasit, da katin gayyatar biki, da katin rigakafi, da shafin tsohuwar jaridar Aminiya, da labari ɗaya daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Ya baza su, yara su ware, kowa ya faɗi dalilinsa. Wasiƙa tana da gaisuwa da sunan mai aikowa. Labarin jarida yana faɗin ina, yaushe, in ji wa. Waƙa tana tafiya baiti-baiti da amsa-amo. Talla kuwa, da Hausa ko da Turanci, ba a taɓa jin ta faɗi aibin kayanta ba, kuma a nan ya dace malami ya daɗe, domin yara sun fi ruɗuwa da ita, manya ma haka. Wanda duk ya tsaya kusa da motar mai maganin gargajiya ranar kasuwa, ya ji ƙulli ɗaya yana warkar da cuta goma sha, ya san abin da nake nufi.

In yara sun ɗan girma, a ba su abu guda su rubuta ta fuska uku. Ambaliyar da ta auka wa Gummi a daminar 2024, misali: a rubuta ta wasiƙa zuwa ga kawu a Sakkwato, a rubuta ta sanarwa ga mutanen unguwa, a mayar da ita tatsuniya da Gizo a cikin kwalekwale. Yaron da ya ƙirƙiri labari da hannunsa ya gane cewa wani ma yana iya ƙirƙira.

Malaman allo suna da babban rabo a nan. Ɗalibinsu ya san Alƙur'ani daban, Ahalari daban, Ishiriniya daban, ya san ladabin kowane. Abin da ya rage shi ne a fayyace masa cewa wannan girmamawa ba ta hau kan kowace takarda ba. "Ai a rubuce yake" ba hujja ba ce.

Rashin tsaro ya rufe makarantu a ƙauyuka da dama, iyalai da yawa suna gudun hijira a cikin garin Anka, don haka kada a bar wa malami shi kaɗai. Uwa ko uba, ko ba ku yi boko ba, in yaro ya karanta muku takarda ko saƙon waya, ku tambaye shi daga ina ta fito, kuma me mai ita yake nema. Shugabannin makarantu da kwamitocin iyaye kuma, a ware wa wannan darasi ko da rabin awa a mako, tun daga aji ɗaya.