Kashin Maƙera Ya Shiga Aikin Gini

Kowa ya san kashin maƙera, watau dattin nan mai kama da dutse da ke saura bayan an narka tama an fid da ƙarfe. Kakanninmu da suka yi ta narka tama, tun daga Dutsen Dala har ƙasar Zazzau, sun bar shi tuli-tuli a daji, ba wanda ya kula da shi. To, yau a ƙasashen da ke da manyan masana'antun ƙarfe wannan datti haja ne, ana auna shi ana sayarwa ga magina.

Ga yadda abin yake. Kashin iri biyu ne. Na fari yana fitowa daga babban tanderu inda akan narka tama tare da gawayin kwal da farar ƙasa, kuma kowane tan na ƙarfe yakan bar wajen kilo 300. A cikin 1862 wani Bajamushe, Emil Langen, ya gano cewa in an kwarara masa ruwa yana cikin narke, sai ya farfashe ya koma kamar yashi. In an niƙa wannan lilis aka haɗa da siminti, sai ya kama ya daskare. Kankaren da aka yi da shi ba ya ɗaukar zafi ƙwarai sa'ad da yake daskarewa, saboda haka ba ya saurin tsagewa, gishirin ruwa kuma ba ya cinsa da wuri. Shi ya sa mutanen Holan suka daɗe suna gina katangun tare teku da shi.

Mutanen Garbadu da sauran garuruwan Talata Mafara, Bakura da Maradun ba sa bukatar a gaya musu darajar kankare mai jure ruwa. Madatsar Bakolori da aka gama a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, da magudanan da ke kai ruwa gonakin shinkafa, ga su nan kowa na gani. Duk inda magudana ta tsage ruwa ya tsiyaye, manomin da ke can ƙarshe shi ke kwana da asara. Siminti kuwa ba araha gare shi ba, gama sai an gasa farar ƙasa da wuta mai zafin digiri 1,450, kamar yadda ake yi a Kalambaina ta Sakkwato tun 1967. Kowane buhu da kashin ƙarfe ya maye, an huta da kuɗin wuta da hayaƙi.

Amma fa sai mu yi hattara. An fara ginin Ajakuta a 1979, har yanzu babban tanderunta bai narka tama ba, don haka irin na fari ba mu da shi. Wanda muke samu shi ne na biyu, na masana'antun da ke narka tsofaffin ƙarafan da 'yan gwangwan ke tarawa don yin rodi, kamar na Ikorodu da Ogijo. Irin wannan yakan ɓoye ragowar farar ƙasa, wadda in ta sha ruwa sai ta kumbura, ta fasa gini daga ciki. Maganinsa a baje shi a fili watanni, ruwa da iska su gama da shi, sa'an nan a fasa a tankaɗe. Bayan haka yana da kyau wajen shimfiɗar hanya, don ya fi tsakuwa nauyi da ƙwari. Nauyin nan kuma shi ne cikas, gama kuɗin mota daga Kudu zuwa Zamfara ya isa ya cinye ribar.

Saboda haka muna roƙon akawunan da takardun kwangilar kwalbati da azuzuwa ke bi ta hannunsu, in ɗan kwangila ya zo da kashin ƙarfe a madadin tsakuwa, su tambayi inda ya fito, da watannin da ya yi a shanye, da shaidar injiniya. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Malaman makaranta kuma su nuna wa yara kashin maƙerar garinsu, su bayyana musu asalinsa. Allah ya sa mu dace.