Yoga: Asalinta da Matsayinta a Rayuwar Yau da Kullum

Yoga tsari ne na horar da jiki da numfashi da tunani wanda ya samo asali daga ƙasar Indiya, inda mabiya addinan Hindu da Buddha da Jain suka daɗe suna riƙonsa a matsayin hanyar tsarkake zuciya da samun 'yancin ruhi. Ko da yake mafi yawan mutane a yau miƙe gaɓoɓi da lanƙwasa jiki a kan tabarma kawai suka sani da sunan yoga, wannan ɓangare guda ne daga cikin wani dogon tsari na tarbiyyar kai.

Littafin da aka fi dogaro da shi wajen fahimtar tsarin shi ne Yoga Sutra na malami Patanjali, wanda ya ƙunshi gajerun zantuka kusan 200 a harshen Sanskirit, ya kuma kasa yoga gida takwas. Na farko shi ne yama, wato kamewa daga cutar da mai rai da ƙarya da sata da bin sha'awa da kwaɗayin tara abin duniya. Na biyu shi ne niyama, wato lizimtar tsabta da wadatar zuci da juriya da nazari da miƙa wuya ga abin bauta. Bayan waɗannan ne ake zuwa ga asana, wadda a wurin Patanjali zama ne tabbatacce da mutum zai daɗe a cikinsa ba tare da gajiya ba, sai pranayama, wato sarrafa numfashi, sannan janye hankali daga abubuwan waje, da tattara shi wuri guda, da zurfafa tunani, har a kai ga samadhi, matakin cikakkiyar natsuwa. Wannan jeri ya nuna cewa gyaran hali ne ke gaba, horar da jiki na biye.

Fifita motsa jiki ya zo ne daga baya, ta hanyar reshen da ake kira hatha, wanda littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 ya yi bayaninsa. Swami Vivekananda ya taimaka wajen gabatar da falsafar Indiya ga Turawa bayan jawabinsa a taron addinai na birnin Chicago a shekarar 1893, yayin da Krishnamacharya, wanda ya koyar a Mysore a shekarun 1930, ya yaye ɗalibai irin su B.K.S. Iyengar da suka yaɗa salon motsa jikin a duniya. A shekarar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya, sannan hukumar UNESCO ta sanya yoga cikin al'adun gado na ɗan Adam a 2016.

A rayuwar yau da kullum, amfaninta ya fi bayyana ga masu yini a zaune a ofis ko a shago, domin tana sassauta gaɓoɓi, tana ƙarfafa tsoka, kuma jan numfashi a hankali yana rage damuwa. A 2017 ƙungiyar likitoci ta American College of Physicians ta lissafa ta cikin hanyoyin da ba na shan magani ba da ake fara gwadawa ga mai daɗaɗɗen ciwon baya. Duk da haka ba ta maye gurbin asibiti, kuma masu juna biyu da masu hawan jini da masu cutar hawan ruwan ido suna bukatar shawarar likita, musamman kafin su gwada tsayuwa a kan kai.

Tushenta na addini kuwa ya jawo muhawara a ƙasashen Musulmi, inda majalisar fatawa ta Malesiya a 2008 da majalisar malaman Indonesiya a 2009 suka hana Musulmi nau'in da ya haɗa da rera kalmomin bauta na Hindu, amma malaman Indonesiya suka halatta wanda motsa jiki ne zalla. Saboda haka ya kamata duk mai niyyar shiga ya binciki abin da ake koyarwa a wurin, ya tuntuɓi likitansa da malaminsa, sannan ya fara a hankali gwargwadon ƙarfin jikinsa.