Manhajar Rubutu da Ma'ajin Manhajoji: Hanyar Gano Tushen Matsala Wajen Rubuta Hausa da Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa duba kundin ɗalibi ya san irin takaicin da ake ji idan aka tarar ƙafa ta koma kafa, ko baƙi sun koma baki. Haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, tun cikin shekarun 1930 suke cikin rubutun boko, kuma tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowannensu lambarsa. Duk da haka har yanzu ana samun su suna ɓacewa a kan kwamfuta, sai mai rubutu ya ɗora laifin a kan manhajar da yake rubutu da ita. Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa sau da yawa manhajar rubutu ba ta da laifi. Matsalar takan faru ne a mahaɗar da ke tsakaninta da ma'ajin manhajoji, kuma akwai matakan da za a bi a gano ta. Za a taƙaita bayani a kan Debian da Ubuntu, tare da misali daga Ƙofar Dundaye a birnin Sakkwato.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Manhajar rubutu ita ce wadda ake shigar da zallar rubutu da ita, ake kuma gyara shi, kamar GNU Emacs da ta fito a 1985, da Vim da Bram Moolenaar ya fitar a 1991. Ma'ajin manhajoji kuwa, sunan da aka zaɓa ke nan a wannan takarda don manhajar da ke ɗauko sauran manhajoji daga rumbu, ta girka su, ta riƙe lissafin inda kowane fayil ya zauna. A Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, da Ubuntu da ta tsiro daga gare ta a 2004, wannan aiki na dpkg ne da APT. Kowace manhaja takan zo a cikin ƙunshi, kowane ƙunshi kuma yana ɗauke da sunayen waɗansu ƙunshin da ba zai yi aiki ba sai da su.

Abin lura shi ne, manhajar rubutu ba ta cika yin komai da kanta ba. Zubin haruffan da take nunawa aro take yi. Mai duba ƙa'idar rubutu, irin su Hunspell da Aspell, manhaja ce dabam da take kira. Duk waɗannan suna hannun ma'aji. Daɗin daɗawa, yanzu ma'aji ba ɗaya ba ne: tun daga Emacs ta 24, a 2012, Emacs tana da nata ma'ajin na cikin gida, sa'an nan ga Snap da Flatpak da suka bazu daga 2016. Inda masu riƙon mabuɗi suka yi yawa, lalle a sami ruɗani.

3.0 Misali Daga Ƙofar Dundaye

Wani abokin aikina da ke zaune a Ƙofar Dundaye yana tattara kalmomin Sakkwatanci domin kundin digirinsa na biyu. Ya shafe watanni yana bin dattawa, yana shigar da abin da ya samu cikin Emacs a kan Ubuntu. Ana saura 'yan makonni ya miƙa aikin sai abubuwa uku suka taso masa. Na farko, a waɗansu wurare ƙ takan fito kamar ɗan akwati. Na biyu, wani fayil da ya karɓo daga shagon buga takardu ya zo da Æ™ a duk inda ƙ take. Na uku, ƙamusun Hausa da ya haɗa da hannunsa domin Hunspell wani lokaci yakan yi aiki, wani lokaci kuma Emacs ta ce ba ta san da shi ba. Har ya yanke shawarar goge kwamfutar baki ɗaya. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma da aka bi matakan da ke tafe sai aka ga kowace alama da nata dalili.

4.0 Matakan Bincike

4.1 A fara adana kwafi

Kafin a taɓa komai, a kwafe fayilolin zuwa wani wuri. Dalili shi ne, akwatin da ake gani a madadin harafi bai ɓata rubutu ba, amma idan aka adana fayil da tsarin lambobin da bai san ƙ ba, tana iya komawa alamar tambaya, kuma daga nan babu mai dawo da ita sai wanda ya san kalmar.

4.2 Wa ya girka manhajar?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Umarnin apt policy emacs yakan nuna ko APT ne ya girka ta, da kuma bugun da ya girka. Umarnin flatpak list da snap list sukan nuna na sauran. A kwamfutar abokin nawa Emacs biyu aka samu. Idan ya kira ta daga tagar umarni, ta APT ce ke buɗewa. Idan ya danna hotonta a kan allo, ta Flatpak ce. Ita Flatpak killace manhaja take yi, ta ba ta nata babban fayil na /usr dabam da na kwamfutar. Shi kuwa ya ajiye ƙamusunsa a /usr/share/hunspell, saboda haka ɗaya tana ganinsa, ɗaya ba ta gani. Maganin alama ta uku ke nan: aka cire ɗaya, aka bar ta APT.

4.3 Zubin haruffa

Ɗan akwati yana nufin rubutun lafiya lau yake, sai dai babu zubin haruffan da zai zana shi. Lambar ƙ a Unicode ita ce 0199, ta ɗ 0257, ta ɓ kuma 0253. Umarnin fc-list ":charset=0199" zai jero duk zubin da ke ɗauke da ƙ a kwamfutar. Idan babu wanda ya dace, sai a nemi APT ya kawo fonts-sil-charis ko fonts-dejavu, a sake buɗe manhajar rubutu, a zaɓi sabon zubin.

4.4 Tsarin lambobi

Alama ta biyu ba ta shafi ma'aji ba ko kaɗan, kuma dole mai bincike ya iya rarrabe ta. A tsarin UTF-8 ana ajiye ƙ da lambobi biyu, C6 da 99. Idan aka karanta su da tsohon tsarin Windows-1252, na farko yakan fito Æ, na biyu kuma ™. Ashe ke nan harafin yana nan, karatun ne ya karkace. Sai a sake buɗe fayil ɗin da UTF-8. Haka kuma ƙamusun Hunspell fayil biyu ne, mai ƙarewa da .dic da mai ƙarewa da .aff, kuma wajibi ne na biyun ya ƙunshi layin SET UTF-8, in ba haka ba kalmomi masu ƙugiya za su zama kurakurai a wurinsa. Umarnin hunspell -D yakan nuna wuraren da yake dubawa da ƙamusan da ya gani. Ya fi kyau mutum ya ajiye nasa ƙamus a cikin babban fayil ɗinsa na kansa, ya nuna wurin ta hanyar DICPATH, domin /usr/share hurumin ma'aji ne.

4.5 Ƙunshi ɗaya daga rumbu biyu

Debian tana rarraba ƙarin kayan Emacs da sunaye masu farawa da elpa-, alhali Emacs da kanta tana ɗauko irinsu daga rumbunan GNU ELPA da MELPA. Idan aka girka abu ɗaya ta hanyoyin biyu, tsohon bugu yana iya shiga gaban sabo, a haɗa rabin wannan da rabin wancan. Umarnin list-load-path-shadows a cikin Emacs yakan fallasa fayilolin da suka rufe waɗansu.

4.6 Girkin da ya katse

A irin yanayinmu, wutar lantarki ko intanet kan yanke ana tsakiyar girki, sai ƙunshi ya tsaya rabi da rabi, manhajar rubutu ta ƙi tashi. Gyaran shi ne dpkg --configure -a, sa'an nan apt --fix-broken install, duka da izinin mai kula da kwamfuta. Idan APT ya ce rumbunsa a kulle yake, alama ce wani girki yana gudana. Haƙuri ya fi goge fayil ɗin makullin, domin gogewar tana iya rikita lissafin ma'aji.

5.0 Kammalawa

Abokin nawa bai goge kwamfutarsa ba, bai kuma rasa kalma ko ɗaya ba. An ga cewa alamomi uku da suka yi kama da ciwo ɗaya, tushensu uku ne: zubin haruffa, da tsarin lambobi, da ma'aji biyu a kan manhaja ɗaya. Shawarar wannan takarda ga sassan Hausa na kwalejoji da jami'o'i ita ce, tun ran gini tun ran zane: a tsayar da hanya ɗaya ta girka kowace manhaja a ɗakunan kwamfuta, a rubuta ta a littafi, a kuma koya wa ɗalibai adana aikinsu da UTF-8 tun daga shekarar farko. Wanda aka horar ya ji bambancin kafa da ƙafa, ba zai gaza koyon bambancin ɗan akwati da harafin da ya lalace ba.