Tsohon injin ƙarfe da aka bari a waje: yana gyaruwa?

Daga Palladan zuwa Sabon Gari, ba ka rasa tsohon injin gurzar ƙarfe ko na huda shi a gaban shagon masu walda, ruwan damina ya sha dukansa, ƙurar hunturu ta toshe shi. Masu jari-bola kan taya shi a kan kilo, alhali sau da yawa yana da sauran amfani.

Gangar jikin irin wannan inji ƙarfen zubi ce mai kauri, tsatsa a sama take tsayawa. Kananzir da burushin waya da giris sun isa su wanke ta. Boris da bel ana samun sababbi, motar lantarkin ma ana sake naɗa mata waya, amma a bari ta bushe sarai kafin a ba ta wuta.

Matsalar tana kan layin da kan injin ke zamewa a kai. In tsatsa ta yi masa ramuka, aikin ba zai ƙara fita daidai da awo ba, gyaransa kuwa yakan fi kuɗin injin. Haka ma in gangar ta tsage, domin ƙarfen zubi ba ya karɓar walda da sauƙi.

Kafin ka sayar, goge layin ka shafa da yatsa. In santsi ne, kira makaniki.